Eceberiyar da Ta Yi Ƙishirwa a Cikin Ruwa: Nazarin Mako Sittin na Ceto Wata Shukar Ado

Asalin lamarin

Wata ma'aikaciya ce aka ba kyautar shukar ado guda ɗaya, alhali ba ta taɓa rainon shuka ba. Abin da ya sa labarinta ya rubutu shi ne halinta na ajiye lissafi. Tun ranar farko ta samu ɗan littafi tana rubuta ranar da ta ba da ruwa, da yawan ruwan, da abin da ta gani a jikin ganye. Daga wannan littafi na ɗauko makonni da awon da za a gani a ƙasa, sai kuma abin da na gani da idona daga mako na 18 zuwa gaba. Ƙidayar makonnin ta fara ne daga ranar da shukar ta shigo hannunta.

Shukar eceberiya ce, irin da masana tsirrai ke kira Echeveria elegans. Ganyayenta masu kauri ne, cike da ruwa, suna jeruwa a zagaye ɗaya bisa ɗaya kamar furen wardi da ya buɗe, launinsu shuɗi-shuɗi mai haske kamar an barbaɗa musu hoda. Asalin danginta ƙasar Meziko ne, wasu kuma ana samunsu a Amurka ta Tsakiya har zuwa arewa maso yammacin Amurka ta Kudu. Masanin tsirrai ɗan Suwizalan, de Candolle, shi ya raɗa wa dangin wannan suna a 1828 don tunawa da Atanasio Echeverría, mai zanen tsirrai ɗan Meziko. A can inda ta fito, galibi a kan tuddai take tsira, a tsakanin duwatsu, inda rana take da ƙarfi, iska take kaɗawa, ruwan sama kuma in ya sauka ba ya jimawa yake tsiyayewa.

Ga yadda ta iso. Faɗin kanta santimita 9. An dasa ta a tukunyar tangaran mai sheƙi, faɗin bakinta santimita 14, zurfinta 12, ba ta da huda a gindi. Cikin tukunyar baƙar ƙasa ce mai laushi, irin wadda ake haɗawa da ruɓaɓɓen ganye don furanni masu son danshi. An jera tsakuwa a can ƙasa, an kuma rufe saman da fararen duwatsun kwalliya. Ta ɗora tukunyar a kan teburin aikinta, mita biyu daga taga.

Mako na 1 zuwa na 6: kome kamar lafiya

Wanda ya ba ta kyautar ya ce mata shukar ba ta son ruwa da yawa, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Haka ta yi: mililita 50 duk bayan kwana uku, ba ta taɓa tsallake rana ba. A mako shida ta zuba sau 14, mililita 700 ke nan a tukunyar da ruwa ba shi da hanyar fita sai ta sama, saman ma duwatsu sun rufe shi. Ta kan kuma fesa wa ganyen ruwa da safe.

A mako na biyu ta lura da farar hodar da ke jikin ganye, ta ɗauka ƙura ce, ta sa jiƙaƙƙen ƙyalle ta goge ganyayen waje ɗaya bayan ɗaya har suka yi kore shar. Wannan hoda kakin da shukar ke fitarwa ne da kanta. Shi ke mayar da wani sashe na hasken rana, shi ke rage tsiyayar ruwa daga ganye, shi ke sa ɗigon ruwa ya gangare bai zauna ba. Ganyen da aka goge ba ya sake yin cikakken kakinsa, sai dai sababbin da za su fito daga tsakiya.

Duk tsawon wannan lokaci ba abin da ya nuna matsala. Irin waɗannan tsirrai suna da ajiya a ganye, don haka sukan daɗe suna ɓoye ciwo. A littafinta na mako na 6 ta rubuta kalma biyu kawai: "Tana lafiya."

Mako na 7 zuwa na 12: ta fara miƙewa

A mako na 7 ganyayen ƙasa suka fara sunkuyawa, bakinsu na kallon tebur maimakon sama. Tsakiyar shukar, wadda da take dunƙule kamar an matse ta, ta buɗe, launinta ya koma kore mai fari-fari. Zuwa mako na 10 kara ya bayyana, ana ganinsa tsakanin ganye da ganye, ya kuma karkata wajen taga. A mako na 12 tsayin shukar ya kai santimita 11, alhali ta zo ne da tsayin da bai wuce 5 ba.

Ita girma ta ɗauka, ta yi murna, ta sayo takin ruwa na furanni ta zuba cikakken awon da aka rubuta a jikin kwalbar, sau biyu, a mako na 9 da na 11. Miƙewar ta ƙara sauri, sababbin ganyaye suka fito sirara, masu nisa da juna.

Daga baya da muka auna hasken teburin da manhajar waya, mun samu tsakanin luks 400 zuwa 600 da tsakar rana (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske). Awon waya ba cikakke ba ne, amma ya isa a kwatanta: rana tsaka a fili takan kai kusan luks 100,000. Idon mutum yana daidaita kansa da wurin da ya shiga, shi ya sa ɗakin da muke gani tas, har muna karatu a ciki, a wajen shukar dutse duhu ne. In ta rasa haske sai ta tsawaita kara tana nemansa, ta kuma shimfiɗa ganye don ta tari ɗan abin da ke zuwa. Akwai kuma abin da ba a gani: shukar da ba ta samun haske ba ta aiki sosai, wadda ba ta aiki kuwa ba ta jan ruwa daga ƙasa.

Mako na 13: an fitar da ita rana

Wata abokiyar aikinta ta ga hoton shukar ta ce mata rana take nema. Maganar gaskiya ce. Ranar Asabar ta mako na 13 ta ɗauki tukunyar daga tebur ta kai ta baranda mai kallon yamma, ta bar ta can yini biyu, tana shan rana kusan awa shida kowace rana.

Ranar Litinin da safe ganyaye takwas sun yi tabo, wasu fari kamar takarda, wasu ruwan ƙasa. Waɗanda aka goge wa kaki su suka fi ƙonewa, sai kuma sababbin siraran da suka fito a inuwa. Ƙunar rana a ganyen eceberiya ba ta warkewa, tabon yana nan har ganyen ya tsufa ya faɗi. Ta tsorata ta mayar da tukunyar teburin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago, an kuma dawo wa garar.

Mako na 14 zuwa na 17: ganye ya yamutse

Nan ne lamarin ya rikice, kuma nan ya fi kamata a tsaya a duba da kyau.

A mako na 14 ganyayen tsakiya suka fara yamutsewa, suka yi laushi, in an matsa su da yatsa ba sa turjewa. Duk wanda ya gan su zai ce ƙishirwa ce, kuma a wani fanni ƙishirwar ce, don ruwa ba ya isa gare su. Ta ƙara awo zuwa mililita 100 duk bayan kwana biyu. Yamutsewar ba ta tafi ba. A mako na 15 ganyayen ƙasa suka koma rawaya, suka yi garau kamar ana hango ruwa a cikinsu, da an taɓa su sai su faɗo. Ta ƙirga guda tara a cikin kwana goma.

Daga nan ta karanta cewa yawan ruwa ne ke kawo haka, sai ta juya gaba ɗaya ta koma ba da cokali ɗaya a mako. Wannan ma bai canza kome ba. A mako na 17 ta rubuta cewa ƙasar tana wari, kuma wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna tashi daga cikin tukunyar in ta motsa ta. Irin waɗannan ƙudaje a ƙasa mai dawwamammen danshi suke hayayyafa. Ta kuma lura gindin karan, daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya yi duhu.

A duk waɗannan makonni huɗu ba a taɓa ciro shukar daga tukunya an duba saiwarta ba. Ta ce min tsoro take ji kada ta ji mata ciwo.

Mako na 18: ranar da aka zazzage tukunyar

Ta kira ni ranar Laraba ta ce, "Yaya, na ba ta ruwa tana mutuwa, na hana ta ruwa tana mutuwa. Me take so?" Na je washegari.

Mun shimfiɗa takarda muka kwashe fararen duwatsun sama. Ƙasar da ke ƙarƙashinsu jiƙe take sharkaf, duk da cewa kwana goma sha ɗaya rabon da ta ga ruwan kirki. Da muka kife tukunyar, ruwa ya zubo daga cikin tsakuwar gindi, baƙi, mai tsami, ya kusa cika ƙaramin kofi. Tsakuwar da aka jera don ta tsame ruwa ta zama rijiya: ruwa ya taru a cikinta, ƙasar da ke zaune a kai tana tsotsa sama kamar lagwanin fitila.

Lafiyayyar saiwar eceberiya siririya ce, fara ko mai ɗan ja, tana riƙe ƙasa. Wannan kuwa baƙa ce, in an ja ta tsakanin yatsu biyu sai fatar ta zame ta bar zare. Ba mu samu ko ɗaya mai rai ba. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya cike waɗannan gurabe na kwanaki, sai ta shaƙe ta mutu, ƙwayoyin ruɓa da ke cikin ƙasa su samu ƙofar shiga, daga saiwa su hau kara. Shukar da ba ta da saiwa ba ta iya sha ko da a cikin kogi aka tsoma ta, don haka sai ta koma cin ajiyar ganyenta, ganyen ya yamutse.

Abin da ya rage shi ne a yanke kan a ceto shi. Na goge sabuwar reza da sifirit na yanka karan santimita biyu sama da inda baƙin ya tsaya. Daga waje wurin kore ne, amma da muka duba fuskar yankan, akwai ɗigo ruwan ƙasa a tsakiya, bai fi kan allura girma ba. Ruɓar takan riga abin da ido ke gani, tana bin hanyoyin ruwa na cikin kara. Na sake goge rezar na hau santimita ɗaya. Ɗigon ya ƙanƙance amma yana nan. Sai a yanka na uku fuskar ta fito tas, kore mai haske, ba tabo. Goge reza tsakanin yanka da yanka ba ƙa'ida ce ta banza ba, rezar da ta ratsa ruɓa ita ce za ta kai ta wuri mai lafiya.

Kan da ya rage faɗinsa santimita 6. Mun cire ganyaye 11 daga ƙasansa don a samu tsiraicin kara na santimita biyu, inda sabuwar saiwa za ta fito. Kowane ganye a hankali aka murɗa shi hagu da dama har ya ɓalle da gindinsa cikakke, don daga wannan gindi ne sabon tsiro ke fitowa, ganyen da ya tsage a rabi ba ya haihuwa. Tsohuwar ƙasa da kututturen duk an zubar.

Na so a cire ganyaye uku masu tabon ƙuna da suka rage a jikin kan. Ta ƙi, ta ce a bar mata su. Aka bar su.

Mako na 18 zuwa na 22: jira ba ruwa

Mun ɗora kan a bakin wani ƙaramin kofi mara kome, karan yana rataye a iska, a wuri mai haske amma ba rana kai tsaye. Kwana bakwai aka bar shi har yankan ya bushe ya yi tauri kamar ɓawon gyambo. Yanka ɗanye in ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓa ce ke biyo baya.

A cikin wannan mako ta shirya sabon mazauni. Haɗinta na farko rabi ƙasar shuka ne rabi yashi mai laushi. Kafin a dasa mun gwada shi: aka cika tukunya aka zuba ruwa, sai ruwan ya kwanta a sama ya kusa minti ɗaya kafin ya nutse, bayan kwana biyu kuma haɗin ya daskare kamar bulo. Yashi mai laushi toshe gurabun iska yake yi. Aka zubar. Haɗi na biyu kashi biyu ne na fumis, wato dutsen nan mara nauyi mai ramuka da aman wuta ke samarwa, ƙwayoyinsa tsakanin milimita 3 zuwa 6, da kashi ɗaya na ƙasar shuka da aka tankaɗe. Da aka zuba masa ruwa, kafin a ƙirga biyar ya fara fita ta gindi. Wanda bai samu fumis ba, tsakuwa mai irin wannan girma da aka wanke tana yin aikin.

Tukunyar kuma ta yumɓu ce da ba a shafa wa sheƙi ba, faɗinta santimita 9, da huda a gindi mai faɗin yatsa. Yumɓu yana zufa, ruwa na fita ta bangonsa, ƙanƙantar tukunyar kuma na nufin ba ragowar ƙasar da za ta zauna da danshi inda saiwa ba ta kai ba.

Rana ta takwas aka kafa kan a busasshen haɗin, ba a ba shi ko ɗigo ba. Wannan ne ya fi yi mata wuya. Ganyayen ƙasa suka riƙa tsotsewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ukun nan masu tabo su suka fara, suka bushe ƙayau kamar takarda. A rana ta 19 bayan yanka ta ɗaga kan a hankali, ta ga wasu siraran zaruruwa guda huɗu masu launin hoda, tsayinsu bai kai santimita ɗaya ba. Ta turo min hoton da daddare. Bayan kwana uku aka ba da ruwa na farko, kaɗan a kewayen kara, sai a mako na 22, da aka ɗan ja kan aka ji yana riƙe da ƙasa, aka shayar da shi sosai.

Ganyaye 11 da aka cire kuwa ta raba su biyu. Biyar ta kwantar a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta rufe da leda, kamar yadda ake yi wa reshen wasu furanni. A cikin kwana shida duk sun narke. Shida ta bari a kan busasshen faranti kusa da taga ba ta yi musu kome ba. Huɗu suka fitar da saiwa da ɗan ƙaramin kai kamar ƙwayar ido a tsakanin mako uku zuwa biyar, ɗaya ya yi saiwa kaɗai bai yi kai ba, ɗaya ya bushe.

Mako na 23 zuwa na 32: sikeli da rana ta safe

Tunda mai son lissafi ce, na ba ta shawarar ta daina ƙirga kwanaki ta koma auna nauyi. Ta ɗora tukunyar a ƙaramin sikeli tana bushe, giram 430. Ta zuba ruwa a kan ƙasa, ba a kan ganye ba, har ya fita ta gindi, ta bar shi ya tsiyaye minti goma sha biyar, ta zubar da na farantin ƙasa, ta sake aunawa, giram 520. Ƙa'idar ita ce ba za ta sake ba da ruwa ba sai nauyin ya dawo kusa da 430, sannan ta ƙara kwana biyu ko uku a kai.

Karon farko kwana shida ya ɗauka kafin ya dawo. A makonnin da gari ya yi sanyi, haske ya ragu, ya kai kwana goma sha uku. Tukunya ɗaya, shuka ɗaya, amma tazarar ta ninka. Ta kuma gano da kanta cewa awon bushewar yana hawa yayin da shukar ke ƙara nauyi, don haka duk bayan wata biyu tana sabunta shi. In ruwa ya faɗa tsakiyar kan bisa kuskure, takan hure shi da siririn bututu, don ruwan da ya kwana a wannan lungu yana iya ruɓar da inda sababbin ganyaye ke fitowa. Fesa ruwa a ganye ta daina gaba ɗaya.

Akwai dalilin da ya sa wannan shuka take iya jira haka. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙofofin numfashi na ganyensu, su ɗauki iskar kabon, su yi asarar ruwa mai yawa. Eceberiya da 'yan uwanta da dare suke buɗewa, lokacin da iska ta yi sanyi, su adana kabon ɗin a matsayin wani sinadari mai tsami, da rana kuma su rufe su yi aiki da abin da suka tara. Tattalin ruwa ne na gaske, kuma shi ya sa ba ta iya shanye ruwan da furen gida na yau da kullum zai shanye a kwana biyu.

Haske kuma a hankali aka saba mata da shi. An mayar da ita bakin taga mai kallon gabas. Kwana ukun farko awa ɗaya na ranar safe, sauran yinin a bayan siririn labule. Duk bayan kwana uku a ƙara rabin awa. Zuwa mako na 28 tana shan awa biyar na rana ba ƙuna ko ɗaya. Kowane mako tana juya tukunyar kashi ɗaya cikin huɗu don kada ta karkata. A mako na 30 sababbin ganyayen tsakiya suka fito gajeru, masu kauri, a matse, da cikakkiyar hodarsu, gefensu da ɗan ja-ja.

Mako na 33 zuwa na 37: fararen ƙwari

A mako na 33 ta ga ƙananan tururuwa suna hawa tukunyar, ta kuma ga sabon ganye ɗaya ya fito a murɗe. Da ta leƙa tsakanin ganyaye da tocila, sai ga wani abu fari kamar guntun auduga a maƙale a gindinsu. Ƙwarin nan ne masu tsotsar ruwan shuka, masu lulluɓe kansu da farin kaki. Suna fitar da wani ruwa mai zaƙi, shi tururuwa ke bi. Mafi yawansu a ƙarƙashin matattun ganyayen da suka taru a gindin shukar aka same su, waɗanda ba ta kwashe ba.

Da farko ta fesa ruwan sabulu. Ƙwarin da ke fili suka mutu, amma sabulun ya wanke hodar sababbin ganyaye ya bar zane-zane, bayan kwana takwas kuma farin ya dawo. Sai ta koma ga sifirit na goge rauni mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. Takan jiƙa auduga a kan tsinke ta taɓa kowane ƙwaro, nan take kakinsa ya narke ya koma ruwan ƙasa. Da yamma take yi, bayan rana ta bar tagar. Ta maimaita sau huɗu, duk bayan kwana shida, domin ƙwayayensu suna ɓoye a cikin audugar, zagaye ɗaya ba ya gamawa da su. Ta kwashe matattun ganyaye, ta nisanta tukunyar daga jariran huɗu da suka tsiro daga ganyayen da aka cire, ta kuma duba su, ta samu ƙwaro biyu a jikin ɗaya ta goge. Daga mako na 37 ba a sake gani ba.

Mako na 38 zuwa na 60: inda aka tsaya

Taki sau ɗaya aka ba ta, a mako na 41, kashi ɗaya cikin huɗu na awon kwalba. A mako na 44 'ya'ya biyu suka leƙo daga gindin kara. A lokacin da zafi ya tsananta, dare ma ba ya sanyi, girmanta ya tsaya cik na wasu makonni, aka riƙa sauke mata labule tun hantsi, ba a ƙara ruwa ba, da zafin ya sauka ta ci gaba. A mako na 52 faɗin kanta ya kai santimita 10, ya zarce yadda ta zo. A mako na 57 wani siririn kara ya fito daga tsakanin ganyaye, ya yi tsawo ya lanƙwasa, ya fitar da ƙananan furanni masu launin hoda da baki rawaya. Eceberiya ba ta mutuwa bayan fure, don haka da furen ya bushe yanke karan kawai aka yi. Jariran huɗu uku sun rayu, kowanne faɗinsa ya kusa santimita 4 a mako na 60.

Hukunci

Ita har yanzu takan ce ruwa ta yi wa yawa. Ni ban ga haka ba. Aƙalla mililita 90 take zubawa yanzu a tashi ɗaya, kusan ninki biyu na abin da take bayarwa a farko, a tukunyar da ta fi waccan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shukar kuma sai ƙara kyau take. Abin da ya kashe saiwar shi ne tsawon lokacin da ƙasa ta ɗauka ba ta bushe ba, kuma abubuwa uku ne suka haɗu suka jawo hakan: tukunya mara huda, ƙasa mai riƙe danshi, da teburin da ba haske. Biyu daga ciki tare da kyautar suka zo, tun ran gini tun ran zane. Shawarar "kaɗan-kaɗan" kuma, duk da kyakkyawar niyyar mai ba da ita, ita ce mafi cutarwa a cikin duk abin da aka faɗa mata, don ta hana ƙasar bushewa ko sau ɗaya a mako goma sha bakwai.

A cikin ukun nan, haske na fi ɗora wa laifi. Da tukunyar tana bakin tagar gabas tun ranar farko, da shukar ta sha wani sashe na ruwan, ɗumin rana ya busar da wani, kuma da ba a kai ga miƙewa da taki da ƙunar mako na 13 ba. Fitar da ita rana daidai ne, gaggawar ce ta ɓata shi.

Mako na 14 ne ya fi tsaya min a rai. Yamutsattsen ganye yana nufin ruwa ba ya isa gare shi, amma ba ya faɗin dalili. Ko ƙasa ce ta bushe, ko saiwa ce ta mutu, alamar iri ɗaya ce, maganin kuma kishiyoyin juna ne. Tsinke ɗaya da za a soka har gindin tukunya a zaro a taɓa ya isa ya raba gardama. Da an zazzage tukunyar a wannan mako, ina kyautata zaton ruɓar ba ta hau kara ba tukuna, da datse matacciyar saiwa da sauya ƙasa sun wadatar, ba sai an kai ga reza ba.

A kan ganyayen nan uku masu tabo, ita ce da gaskiya. Kwana 19 kan ya yi ba saiwa, kuma ruwan da ke cikinsu ya fara sha kafin ya taɓa lafiyayyun. Yanzu duk kan da zan yanke, ba na cire masa ganye don muni kawai sai in ruɓa ce a jikinsa.

Sikelin ya yi mata aiki ne don ya ba hannunta abin yi a ranakun da bai kamata ta ba da ruwa ba. A 'yan makonnin nan ta ce min ɗaga tukunyar kawai take yi ta san ko lokaci ya yi, ba ta cika kuskure da fiye da giram goma ba. 'Ya'yan biyu na gindi sun fara matse bakin tukunyar, kuma mun shirya in zafi ya wuce za a raba su, a mayar da uwar tukunyar yumɓu mai faɗin santimita 11.